Sholay ko Mother India: wanne zai hau saman jerinmu?

Ƙanena, ka tambaya a kan jerin fina-finan Indiya goma da muke haɗawa. Ka ce tunda gardama ta tsaya tsakanin Sholay da Mother India, wanne ya cancanci na ɗaya, kuma me ya sa mu manya muke ta nacewa a kan tsohon fim na 1957 wanda kai ko rabinsa ba ka kai ba barci ya sace ka. Na ji daɗi da ka faɗi gaskiya. Da yawa daga masu ɗaga masa hannu a cikinmu rabonsu da shi tun zamanin kaset.

Akwai abin da ban ji wani ya ambata ba duk tsawon gardamar: fina-finan nan biyu kusan kaya ɗaya suka ɗauko. Kowanne a ƙauye yake. Kowanne akwai mace mai suna Radha wadda ta rasa miji. Kowanne akwai ɗan fashin daji a kan doki. Kuma kowanne akwai namijin da ya rasa hannuwansa biyu. A Mother India dutse ne ya danne hannuwan Shamu, mijin Radha, yana ƙoƙarin gyara fako ya mayar da shi gona, kunya ta hana shi zama matarsa tana ci da shi, ya sulale cikin dare, ba a sake ganinsa ba. A Sholay kuwa shugaban 'yan fashi Gabbar ne ya sare hannuwan Thakur da takobi, shi kuma ya yafa mayafinsa ya je ya yi hayar hannuwan wasu, wato Jai da Veeru, ɓarayi biyu da ya taɓa kamawa yana ɗan sanda. Daga nan hanya ta rabu. Ɗaya labarin ramuwa ne, ɗaya labarin wadda aka bari da yara da bashi.

Idan daɗin kallo ake magana, ba na ja da kai, Sholay ya yi gaba. Ramesh Sippy ya sake shi ranar 15 ga Agusta, 1975, Salim Khan da Javed Akhtar suka rubuta, R.D. Burman ya yi kiɗa. Fim ne na sama da awa uku amma ba ka jin nauyinsa, domin duk inda ka fara gajiya sai a canja maka miya: faɗan jirgin ƙasa tun daga farko, barkwancin shugaban gidan yari mai gashin baki irin na Hitler, surutun Basanti da goɗiyarta Dhanno, Veeru a buge a saman tankin ruwa yana barazanar faɗowa in ba a ba shi aure ba. Dharmendra (Veeru), wanda mutanenmu suka raɗa wa Sarkin Ƙarfi, da Amitabh Bachchan (Jai) sun dace da juna kamar tuwo da miya, ɗaya baki ba ya rufuwa, ɗaya sai an matsa yake jefo kalma. An ɗauke shi a duwatsun Ramanagara kusa da Bangalore, kuma su kansu duwatsun sun yi wasa. A makonnin farko kasuwarsa ta yi sanyi har aka fara yi masa kallon asara, sai ga shi ya shekara biyar ana haska shi a silimar Minerva ta Bombay. Abin dariya, a kyaututtukan Filmfare na shekararsa guda ɗaya tak ya samu, ta haɗa hoto. Gwarzon fim Deewaar aka ba, shi ma rubutun su Salim ne, shi ma Amitabh ne.

Sannan ga Gabbar. Ban san wani bos a fim ɗin Indiya da ya kai shi ba, kuma Amjad Khan da ya fito a matsayin a lokacin sabon shiga ne. Danny Denzongpa aka fara ɗauka, wani aikin ya riƙe shi a Afganistan. Ka tuna wurin da yaransa uku suka dawo hannu rabbana, mutum biyu sun koro su? Yana tafe a kan dutse yana jan bel ɗin harsashi a ƙasa, yana tambayarsu cikin sanyin murya. Ya karɓi ƙaramar bindiga mai gida shida, ya harba uku sama, ya juya, ya ɗora wa kowannensu a ka ya ja kunama. Duka ukun suka tsira. Ya fashe da dariya, su ma suka kama dariyar wanda ya ga kabarinsa ya dawo, sauran yaransa duka suka ɗauka, yana cikin dariyar ya juyo ya zubar da su. Ranar da na fara ganin wurin nan a zauren maƙwabcinmu, mu wajen ashirin a gaban akwatin talabijin ɗaya, har da masu leƙe ta taga, mu ma mun taya su dariyar. Da ƙarar ta tashi zauren ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan fanka.

To amma a nan nake so ka ɗan tsaya ka dubi Sukhilala, bos ɗin Mother India. Ba shi da doki, ba ya riƙe bindiga, tsoho ne mai daɗin baki da littafin lissafi a hammata. Uwar Shamu ta karɓi rupi 500 a hannunsa don bikin ɗanta. Da kaka ta yi aka zo rabo a masussuka, sai magana ta canja: kashi uku cikin huɗu na amfanin gona nasa ne, kuma wannan kuɗin ruwa ne kawai, uwar kuɗi tana nan daram. Takarda tana hannunsa, su ba su iya karatu ba, dattawan gari suka zauna suka ba shi gaskiya. Haka aka yi ta yi har yaran suka zama samari. Shanun huɗa suka tafi, tukwane suka tafi, awarwaron auren Radha ya tafi jingina. Gabbar sai ya shigo gari ake jin tsoronsa. Shi wannan a cikin gari yake kwana, da shi ake zaman biki, kuma doka tana bayansa. Kanhaiyalal da ya fito a matsayin ya riga ya taɓa yin sa a Aurat na 1940, wanda Mehboob Khan mai Mother India ɗin dai ya yi kafin ya sake gina labarin da kala bayan shekara 17, shi ya sa rigar ta zauna masa.

Da gwaggona na fara kallonsa, mace ce da ta tashi a ƙauye kuma ba ta jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci. Da aka zo wurin rabon hatsin nan, ana ɗiba ana tara wa mai bashi ana bar wa masu gona ɗan tsibi, sai ta ajiye tsintar shinkafar da take yi ta ce, "Wannan ai na san shi." Ba ɗan wasan take nufi ba. Duk wanda ya taɓa ganin an ci bashi da damina an biya da buhu a kaka, ko an jinginar da gona ta gagara fansa har mai ita ya mutu, ba ya bukatar fassara. Ina jin wannan ne ya sa fim ɗin ya daɗe ana maimaita shi a silimun Kano shekaru da yawa bayan fitowarsa, mutane suna bin waƙoƙin Naushad da baki ba tare da sanin ma'anarsu ba.

Sai dai adalci ya sa in ce wannan hujjar tawa ta rage ƙarfi a 'yan shekarun nan. Da muna yara, wurin da yaran Gabbar suke shigowa ƙauyen Ramgarh karɓar hatsi a matsayin kuɗin zaman lafiya, tatsuniya ce a wurinmu. Yau mutumin Zamfara ko Katsina da aka ɗora wa ƙauyensu haraji kafin a bar su su girbe gonarsu ba zai kalle shi yana cin gyaɗa ba. Haka wurin da aka kashe Ahmed, ɗan limamin garin, aka ɗoro gawarsa a kan doki, makahon uban yana lalube yana tambayar dalilin shirun da gari ya yi. Mutane suka ce a miƙa Jai da Veeru a huta, tsohon da aka kashe wa ɗa shi ne ya hana. Wannan gardamar, ta a biya a zauna lafiya ko a tsaya a yi turjiya, ana yin ta yanzu haka a garuruwan da muka sani. A.K. Hangal da ya fito a limamin bai fi 'yan mintuna ba a fim ɗin, amma a wurina nan ne Sholay ya fi kusa da taɓa ƙasa.

Inda na raba su shi ne ƙarshe. Sippy ya ɗauki ƙarshen da Thakur ya tattake Gabbar har lahira da takalminsa mai ƙusoshi. Lokacin Indiya tana ƙarƙashin dokar ta-ɓacin da Indira Gandhi ta ƙaƙaba a watan Yunin 1975, hukumar tace fina-finai ta ƙi yarda a nuna tsohon ɗan sanda ya ɗauki doka a hannunsa, dole aka sake ɗauka: 'yan sanda suka iso a daidai lokacin suka tafi da shi. Wanda yawancinmu muka tashi da shi ke nan, kuma ana ganin ɗinkin. Mutuwar Jai a bakin gada da gano cewa kwandalar da yake jefawa don yanke shawara fuska ɗaya ce gaba da baya su suka ceci ƙarshen. Amma ka lura, duk abin da aka rasa a Sholay, mugu ne ya ƙwace shi. Ba a taɓa sa wani a cikinsu ya zaɓa tsakanin abu biyu da duk yake so ba, in ka cire Jai, shi kuwa kwandala ta riga ta yanke masa.

Ita Radha ta Mother India an sa ta. Birju ɗanta ne, wanda ta fi so ma, kuma abin da ya fi ciwo shi ne yana da gaskiya. Tun yana yaro yake kallon hatsin uwarsa yana tafiya gidan Sukhilala. Ya girma da wannan dafin, aka kore shi daga gari, ya shiga daji, ya dawo da 'yan dabarsa ya kashe tsohon. Har nan mai kallo yana tare da shi. Sai ya sungumi Rupa, 'yar Sukhilala, ranar aurenta ya ɗora a doki. Radha ta riga ta yi alkawarin ba mai taɓa mutuncin yarinyar, domin ita kanta ta san ranar da ta shiga gidan mutumin nan jikinta duk taɓo bayan ambaliya, yaranta suna mutuwa da yunwa, ya ce zai ba ta abinci in ta ba shi kanta, ta fito ba ta bayar ba. Ta kira Birju ya tsaya, ya ƙi, ta ɗaga bindiga ta harbe shi. 'Yar maƙiyinta ta tsare da jinin ɗanta. Na kalli wurin nan ya fi sau goma kuma har yau ban gama yanke hukunci a kansa ba. Wata rana in ce ta yi daidai, wata rana in ce shekara da shekaru tana haƙuri da azzalumi, amma ɗanta bai samu haƙurin minti ɗaya ba. Fim ɗin da zai bar ka kana gardama da kanka bayan shekara talatin ya yi wani aiki da faɗa da waƙa ba sa yi.

Kuma duk wannan a kan wuyan mace ɗaya yake. Nargis, wadda sunanta na yanka Fatima Rashid, tana da shekara 28 fim ɗin ya fito, ta taka amarya, ta taka uwa mai jan garma da kafaɗarta, ta taka tsohuwa tukuf. Sunil Dutt da ya fito a ɗanta sa'anta ne, duk 'yan 1929. Wurin ɗaukar gobarar tarin hatsi wuta ta ƙwace da gaske, shi ya shiga ya fito da ita ya ƙone, a 1958 suka yi aure. Ɗansu shi ne Sanjay Dutt, Ɗan Daba Mai Lasin naku. Fim ɗin shi ne na farko daga Indiya da ya shiga takarar Oscar ta fim ɗin harshen waje, wani fim ɗin Federico Fellini na Italiya ya kayar da shi, ita kuma ta ci kyautar gwarzuwar jaruma a bikin Karlovy Vary. Ban kawo wannan don kyauta tana yanke gardama ba. In haka ne ai Sholay mai kyauta ɗaya ko goman ba zai shiga ba.

Barcin da ya ɗauke ka kuwa ba laifinka ba ne duka. Mother India yana da ja, waƙoƙinsa sun yi yawa, kuka ya yi yawa, akwai barkwancin tsakiya da za a iya yankewa ba a rasa komai ba. Shi ma Sholay yana da nasa: ƙashin bayansa aro ne daga Seven Samurai na Kurosawa da fina-finan kaboyi na Sergio Leone, kuma mutanen Ramgarh, ban da liman, kusan kayan ado ne, suna tsaye suna jiran baƙi biyu su cece su. Aro ba laifi ba ne in an iya, Kannywood ma da aron Indiya ta yi rarrafe. Amma idan ana maganar na ɗaya, ina duba wanda ya tsiro daga ƙasarsa.

Matsalar jerinmu ita ce tambaya biyu muka cusa a buhu ɗaya. Wasu suna amsa wanne za su sa yau da daddare in abokai sun zo, wasu suna amsa wanne ya fi nauyi. In ta farko ce, ni ma Sholay zan sa, kuma zan riga kowa faɗin maganar Gabbar kafin ya buɗe baki. Amma ƙuri'ata ta na ɗaya Mother India na ba, Sholay na biyu, tazarar kuma ba ta kai taku ɗaya ba.

Kai dai kada ka jefa taka sai ka gama shi. Ka raba shi kwana biyu in ya yi maka tsawo, ka tsaya bayan ambaliya, washegari ka ɗora daga inda yaran suka girma. Kuma idan Birju ya faɗo daga doki, ka kalli abin da ke hannunsa.