Wata uku ina zuwa jim a Ogba: wuri mai kyau, amma sai da na ce a daina taɓa ni

Tunda na fara zuwa motsa jiki matan unguwarmu nan Agege suke tare ni da tambaya, a wajen biki, a islamiyya, har a bakin get ɗin makarantar yara, wai ya wurin yake, maza da mata a haɗe ne, ana barin mutum da hijabinsa? To yau dai wata uku cif da yin rajista ta, bari in faɗi abun da na gani da idona. Ba zan kama sunan wurin ba saboda akwai ƙorafi a cikin maganata kuma ba tozarta kowa na zo yi ba.

Ni ba kwalliya ta kai ni ba. Haihuwata ta uku aiki aka min, daga nan jiki ya yi nauyi, baya kullum ciwo, jinina kuma ya fara hawa. Likita ta ce min magani kaɗai ba zai yi ba, in samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, wato kamar minti 30 sau biyar, sannan kwana biyu a sati in ɗan yi na ƙarfafa tsoka. Na gwada tafiyar ƙasa bayan sallar asuba amma duk wanda ya san titin Legas ya san ba wurin tafiyar nishaɗi ba ne, ga keke ga danfo ga kwata a buɗe, in damina ce kuma sai dai ka tattare zani. Shi ya sa maigida ya ce in nemi jim kawai, wato gidan motsa jiki.

Ta fuskar kaya da tsafta gaskiya ban da abun cewa. Injinan gudu suna aiki, ko an ɗauke wuta janareto na tashi nan take, ɗakin canja kaya na mata daban yake kuma ƙofarsa na kulluwa, ana goge tabarmin roba bayan kowane aji. Ranar farko na tambayi yarinyar da ke karɓar baƙi ko zan iya yi da ƙaramin hijabi da riga mai sauka har gwiwa a kan wando, ta ce ba komai Alhaja, akwai masu zuwa haka. Daga gida kuma ba nisa, tunda aka buɗe gadar Pen Cinema a 2021 in na fita kafin bakwai na safe ba na daɗewa a hanya. Kuɗin wata yana da ɗan ciwo amma ba su cuce ni ba a nan.

Sati na biyu ne abun ya faru. Ajin safe ne, mu kamar goma sha biyar yawanci mata, kocin namiji ne, saurayi haka mai fara'a, kiɗa na tashi yana ƙirga mana. Muna yin wannan tsugunnon da suke ce ma sikwat, ni ina layin baya kusa da bango saboda can na fi sakewa, hankalina duk yana kan gwiwata kar ta shige ciki kamar yadda ya ce, kawai sai na ji tafin hannu a ƙasan bayana, ɗayan hannun kuma a ƙuguna yana tura ni baya. Ban ga zuwansa ba, ta baya ya zo. Wallahi jikina gaba ɗaya ya sandare, numfashina ya tsaya, shi kuma ko a jikinsa, ya ce yawwa Madam haka nake so, ya wuce wajen ta gaba. Duka bai fi daƙiƙa biyar ba. Amma ni sauran minti ashirin ɗin nan ban san me na yi ba, ido na kawai na kan madubi ina duba ta ina zai sake ɓullowa.

Kuma ban ce komai ba a lokacin, wannan shi ya fi tsaya min a rai. Mutum na gida yana cewa ai ni da ni ce da na yi kaza, amma in abun ya zo maka ba zato cikin mutane, ga kiɗa ga kowa na harkar gabansa, sai baki ya yi nauyi. Ga kunyar da aka raine mu da ita, ga tunanin kar a ce bahaushiyar nan ta zo da tsiya. Na naɗe tabarmata na tafi, a cikin keke har na isa gida zuciyata ba daɗi.

Ba zan ɗauki alhakin yaron nan in ce da wata manufa ya yi ba, Allah ne ya san zuciya, kuma na ga yana yi ma kowa haka har da maza. Amma ai ba niyyarsa ce abun dubawa ba. Ni musulma ce matar aure, ko hannu ba na ba namijin da ba muharramina ba, to ina ga ƙugu. Kuma ko a ajiye maganar addini gefe, wajen da aka min aiki har yanzu in an matsa kusa da shi ina jin wani iri, shi bai san da wannan ba don bai tambaya ba. Fom ɗin da na cike ranar rajista an tambaye ni hawan jini, ciwon suga, asma, lambar wanda za a kira in wani abu ya faru, amma babu layi ɗaya da aka ce kina yarda koci ya taɓa ki ko a'a.

Da na gaya wa maigida cewa ya yi shikenan a haƙura da kuɗin, in zauna a gida. Na ce masa Baban yara ka yi haƙuri, lafiyata nake nema, kuma in na tafi shiru gobe wata za a yi wa. Ya ɗan yi jim ya ce to ki je ki same su, in ba su gyara ba kin gama da wurin.

Washegari na je wajen manajar, mace ce babba. Amsarta ta farko ba ta min daɗi ba sam, wai ai gyaran jiki ne, haka ake yi ko'ina, in ba a gyara ki ba za ki ji wa bayanki ciwo. Na ce mata Anti ban ce kar a gyara ni ba, gyaran ma shi na biya kuɗi a min, abun da na ce shi ne a tambaye ni kafin a ɗora min hannu, kuma in namiji ne amsata a'a ce tun yanzu. Ko a asibiti nas sai ta ce miƙo hannunki kafin ta ɗaura abun awon jini. Ta yi shiru, sai ta ce za ta yi masa magana. Ta kuma yi, don ya same ni ya ba ni haƙuri a mutunce, daga ranar bai ƙara ba, daga nesa yake min nuni. Wannan na yaba musu. Abun da ban yaba ba shi ne ni kaɗai aka ware, sauran yana ci gaba da taɓa su yadda ya saba, kamar dai matsalar tawa ce ni ɗaya.

Alhali ba ni kaɗai ba ce. A ɗakin canja kaya wata Bayarabiya, kirista ce ma, ta ce min ita kafaɗarta ta taɓa gocewa, ranar da kocin ya danna ta wajen miƙa jiki kwana uku tana shan maganin ciwo amma ta ji nauyin magana. Wata Hajiya kuma 'yar Kano mai harkar kayan gwari a kasuwar Mile 12, wadda muka fara tare, sati ɗaya ta yi ta ɓace, da na kira ta ta ce ƙanwata ni ba zan iya wannan taɓe-taɓen ba, ta bar musu kuɗin wata guda ba tare da ta gaya wa kowa dalili ba. Su a wurinsu sai su ɗauka lalaci ne ya hana ta.

Abun da ya riƙe ni a wurin wata koci ce mace da ke ɗaukar ajin mata zalla ranar Talata da Alhamis. Ita ce ta nuna min ashe kusan duk gyaran nan ana iya yinsa ba hannu. Sikwat ɗin da ya jawo magana, benci ta ajiye a bayana ta ce in yi kamar zan zauna, da na ji na taɓa shi in miƙe, nan take ƙuguna ya koma baya da kansa. Don bayana ya miƙe sanda ta ba ni na riƙe da kaina a tsaye a bayana, ta ce ta taɓa ƙeya da tsakiyar baya da ƙasan baya lokaci ɗaya, in ɗaya ya rabu da sandar to na lanƙwashe. In muna filank, wannan da ake dogarawa a gwiwar hannu da yatsun ƙafa, sai ta kwanta gefena ta yi irin kuskurena in gani, sannan ta yi daidai. Kuma duk da mace ce 'yar uwata, in ta ga dole sai ta sa hannu ta gaba take zuwa inda zan gan ta, ta ce in taɓa kafaɗarki? Kullum sai ta tambaya, ba wai don na yarda jiya shikenan ba. Ranar da na gaya mata an min aiki ta canja min motsin ciki gaba ɗaya zuwa mai sauƙi. A hannunta ciwon bayan nan ya ragu sosai, yanzu ina ɗaukar jarkar ruwa ba na dafa bango.

Na ba manajar shawarar abun da wasu wuraren yoga ke yi a Amurka da Ingila, ɗan kati ne mai fuska biyu kowa ya ajiye a gaban tabarmarsa, gefe ɗaya na nufin a gyara ni da hannu, ɗayan na nufin da baki kawai, mutum na iya juya shi ko ana tsakiyar aji ba sai ya ɗaga murya ba. Kwali ne fa kawai, nawa zai ci? Ta ce za su duba, wata biyu kenan ban ga kati ba.

Sai maganar miƙa jiki na bibbiyu da ake yi a ajin haɗaka, inda za a ce kowa ya kama na kusa da shi, wannan ni ficewa nake in yi nawa da bango. Da kuma waya, wani ma'aikacinsu na yawo yana ɗaukar bidiyo don tallarsu a Instagram, sau biyu ina cewa kar a sako ni, shi ma wannan shiga hurumin mutum ne ko da ba a taɓa shi ba.

In maki zan ba su uku cikin biyar ne, ajin matan shi kaɗai kuma biyar. 'Yar uwa in za ki je, kafin ki biya ko sisi ki tambayi wa ke ɗaukar ajin, ki faɗi sharaɗinki tun a teburin rajista a gaban manaja, ki kuma nemi a bar ki ki kalli aji ɗaya tukuna. Ni na sabunta na wata ɗaya, Talata da Alhamis kawai, sauran kwanakin ina hawa injin gudu ni kaɗai. Hajiyar Mile 12 ma ta ce in kocin macen na nan za ta biyo ni ranar Talata mai zuwa in Allah ya kai mu.