Janareta ko batir: wanne zai riƙe kifinka idan wuta ta ɗauke?

Malam, na ga tambayarka. Kana da ɗan tafkin siminti a tsakar gida a Talladje, ka zuba karfasa, kuma da an ɗauke wuta sai famfon iska ya tsaya. Kana so ka san abin da za ka saya, ƙaramin janareta ko batir.

Mu fara da lokacin da kifi ke mutuwa, don shi zai raba gardamar. Da rana gansakukan da ya sa ruwanka ya yi kore yana fitar da iskar oksijin. Da dare kuwa sai ya koma yana sha tare da kifin, iskar ta yi ta raguwa har gab da kiran assalatu. Sannan ga zafin Yamai: ruwa mai digiri 20 yana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a kowace lita, a digiri 30 bai wuce 7 da rabi ba, alhali a zafin ne kifi ya fi buƙatarta. Daren Afrilu da Mayu ne abin tsoro.

Janareta yana da ƙarfi, zai ja famfon iska da na ruwa har da fankar ɗaki. Aibinsa, sai wani ya tashi ya ja igiya. Wuta ta ɗauke ƙarfe biyu kana barci, shi ke nan, yana ajiye kifi na shan wuya. Ga kuɗin mai, ga hayaƙi, ga ƙarar da maƙwabta ba za su yafe maka ba. Kuma kunna injin mai wat ɗaruruwa don famfon da bai wuce wat 20 ba, ai asara ce.

Batir shi ba ya jiran kowa. Ka yi lissafi: mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200. Ba a son a zuƙe fiye da rabi don kada ya mutu da wuri, saura 600 ke nan. Famfon wat 20 zai yi kusan awa 30 a kai, in ya bi ta inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, a rage kaɗan. Ka nemi famfon da ke aiki kai tsaye da bolt 12, ko wanda ke komawa kan batirinsa da kansa idan wuta ta yanke. Ka sayi batirin sola. Na mota an yi shi ne don tayar da inji, ba ya jure a riƙa sauke shi kullum. Wani zai ce maka faranti na sola kaɗai ya isa. Faranti babu batir da rana yake aiki, lokacin da ruwan bai cika buƙata ba.

Da tarwaɗa ka zuba da ban tsawaita ba, don ita tana leƙowa ta shaƙi iskar sama ta rayu. Karfasa ba ta da wannan gata. In ka gan su sun taru a saman ruwa suna buɗe baki da sassafe, an kai maƙura.

A irin wannan dare, ka ɗauki bokiti ka riƙa ɗibar ruwan tafkin kana kwararo shi daga sama, ya fantsama. Ka dakatar da abinci, kifi mai cikakken ciki ya fi shan iska. Kada ka sake masu ruwan famfo da yawa kai tsaye saboda sinadarin kulorin, na rijiyar burtsatse kuma a watsa shi ta iska kafin ya shiga, don daga ƙasa yake fitowa da ƙarancin oksijin.

Ni dai a tafki ɗaya na gida batir zan saya, janareta sai ranar da tafkunan suka yi yawa.