Na kai waya an yi mata root kusa da Kasuwar Dole

Masu tambaya ko su kai wayarsu a yi mata root, wato a buɗe musu cikakken iko a kan sistem ɗin wayar, ga abin da na gani a wani ɗan shago kusa da Kasuwar Dole, ba zan kama suna ba kar a ce talla nake.

Yaron dai yana da hannu gaskiya. Tsohuwar wayata na kai mai, memwar kullum a cike da tarkacen aplikasiyon da suka zo da ita kuma ba sa goguwa. Kafin ya taɓa komai ya ce "Yaya kwashe hotunanka da lambobi, in na buɗe bootloader komai zai tafi fa", bootloader ɗin shi ne ɓangaren da ke tada sistem ɗin waya, kuma haka aka yi, ta dawo wayam kamar yau aka ciro ta daga kwali. Ya jona ta da kwamfuta ya sa Magisk, aplikasiyon da ake yin root ɗin da shi, ana cikin aiki kuran ya ɗauke gabana ya faɗi, ashe kwamfutar tasa mai batir ce. Jikka uku ya karɓa.

Daɗin abin, na share tarkacen nan duka, na sa AdAway mai toshe talla, talla ta ragu sosai, forfe na intanet ma yana ɗan jimawa yanzu.

Amma akwai abin da bai gaya min ba kuma nan ne ya rage maki a wajena. Aplikasiyon bankina ya ƙi buɗewa sam, dan Google na da wani bincike Play Integrity da ke gane an taɓa cikin waya, na koma ya yi dabarar ɓoye root ɗin abu ya tashi, da aplikasiyon ya yi mizajur ya sake ƙi, to wa ke da lokacin hawa kabu-kabu kullum saboda wannan? Mizajur na wayar kanta ma ba ya shiga da kansa kuma. Garanti kuwa ka manta da shi, masu Samsung ma nasu ya fi muni, in Knox, tsarin tsaron wayoyinsu, ya tsinke ya tsinke ke nan, ko ka cire root ɗin Secure Folder, wurin ɓoye fayiloli, ba zai dawo ba. Masu Huawei kar ku wahalar da kanku, tun 2018 kamfanin ya daina ba da lambar buɗe bootloader.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke tura wa juna aplikasiyo ta Xender ba mu san asalinsu ba, ka danna wa ɗaya izinin root ya samu ƙofar karanta komai har kod ɗin da ake turo maka ta saƙo.

Ni dai wayar da kuɗina ke ciki ba mai taɓa ta, tsohuwar ce ta wasa. In ka nace sai ka yi, ka sa ya ajiye maka kwafin sistem na asali da na IMEI, lambar shaidar wayar, a kart memwar tukuna, dan wayoyi masu processeur ɗin MediaTek in filashin, wato sake zuba sistem, ya karkace IMEI na iya gogewa, ka sa sim rezo ya ƙi zuwa, kuma shagon ba ya rubuta takardar cewa zai biya.