Yaya, Ga Inda Muke Kai Ɗan Abin Da Ya Rage

Assalamu alaikum Yaya. Ya jikin Inna, ya kasuwa? Ranar da muka yi waya ka tambaye ni inda mu na Ingila muke kai abin da ya rage bayan an ci an sha, da kuma ko gaskiya ne kuɗi na haihuwa a bankin Bature. Lokacin ina hanyar aiki, ban ba ka amsar kirki ba. Yau ina hutu, shi ya sa na zauna in yi maka bayani a tsanake.

Ragowar dai ba ta da yawa. Kuɗin haya, harajin da ƙaramar hukuma ke karɓa a kan kowane gida, da kuɗin gas na ɗumama ɗaki da hunturu, su ke cinye mafi yawan albashi. A Oktoban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 11.1 cikin 100, abin da ba a gani ba cikin shekara 40, kuma mutane sun ji jiki ƙwarai. Na san za ka ce wannan ai wasa ne, tunda ku kun ga kashi 34.8 a Disamban 2024. Gaskiyarka.

A banki akwai sauƙi. Asusun yau da kullum ba a cire masa kuɗin saƙon waya ko kuɗin tura kuɗi, yawancin na'urorin cire kuɗi ma kyauta ne, ba kamar yadda mai POS ke yanke nasa ba. Wahalar baƙo ita ce buɗe asusun, don sai ka kawo shaidar adireshinka. Idan banki ya durƙushe akwai hukumar da ke biyan masu ajiya. Lokacin da na zo a 2019 iyakar biyan fam 85,000 ce ga kowane mutum a kowane banki. A gida NDIC ke wannan aikin, kuma a 2024 ta ɗaga nata zuwa naira miliyan 5.

Amma kuɗi ba ya haihuwa a banki yadda ake zato. Babban Bankin Ingila ya sauke kuɗin ruwa zuwa kashi 0.1 a 2020, sannan ya riƙa ɗaga shi har ya kai 5.25 a 2023. A shekarar da kaya suka tashi da kashi 11, wanda ya bar kuɗinsa a banki raguwa ya yi, ko da adadin ya ƙaru a takarda. Ni kuma ka san ba na taɓa kuɗin ruwa. Alhamdulillahi akwai Al Rayan, bankin Musulunci da aka kafa a nan Birmingham a 2004, wanda ke juya ajiya a harkar halal ya ba ka rabon riba, kamar dai Jaiz a gida. Adashe ma yana nan da ransa. 'Yan Pakistan na unguwar Alum Rock suna ce masa kamiti, Somaliyawa da 'yan Jamaika kowa da sunan da yake kiran nasa, kuma da shi da yawa suka haɗa jarin shago.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne fansho. Tun 2012 doka ta tilasta wa mai kamfani ya sa ma'aikacinsa a tsarin fansho ba tare da ya nema ba. Ana cire kashi 5 daga wani ɓangare na albashina, wurin aikina ya ƙara kashi 3, kafin kuɗin ya shigo hannuna. Idan na ga dama ina iya fita, sai dai in na fita na yi asarar kason da suke ƙara min. Watan farko na ji zafin cirewar, don ina lissafin abin da zan turo wa Inna. Yanzu shi ne ajiya mafi girma da na mallaka, kuma dalili ɗaya ne: ban taɓa ganin kuɗin ba balle wata lalura ta cinye su. Ba kuma zan iya taɓa su ba sai na kai shekara 57. A takarda dokar gida ta 2014 ta fi wannan yawa, ma'aikaci 8, mai kamfani 10. Bambancin shi ne a nan har mai ɗan ƙaramin shago da yaro ɗaya dokar ta kama shi, a gida kuwa ku 'yan kasuwa da yaranku kusan ba ta iso gare ku ba.

Da na bincika inda kuɗin ke zuwa na ga ana sayen hannun jari da su, sai na nemi a mayar da nawa asusun da ke bin Shari'a, wanda ba ya sayen kamfanin giya, caca, naman alade ko bankin ruwa. Daga nan na fara fahimtar kasuwar hannun jari, kuma wallahi Dawanau na riƙa tunawa. Kai da kaka kake sayen gero ka zuba a sito, ka jira tsakiyar damina. Idan labari ya zo cewa ruwa ya ɗauke a wani yanki, ko an rufe iyakar Nijar, kafin la'asar farashin buhu ya motsa, alhali geron da ke siton bai canza ba. Haka take a Landan: masu saye da masu sayarwa, dillali da la'adarsa, da labari. Sai dai hannun jari ya fi kama da kiwo. Gero ba ya ƙaruwa a sito, ƙwari ma ke cin sa. Saniya kuwa tana ba da nono, tana haihuwa, sannan farashinta na iya tashi. Kamfani mai aiki haka yake, yana raba riba ga masu hannun jari, yana kuma girma. Airtel ɗin da kake kira na da shi ana cinikin hannun jarinsa a Landan da Legas, yana ma cikin manyan kamfanoni 100 da ake auna kasuwar nan da su.

Saniya kuma tana mutuwa. Shi ya sa talakan nan ba ya zaɓar kamfani ɗaya, yana zubi ne a asusun da ke sayen ɗan kaɗan daga kamfanoni masu yawa, kamar wanda ya raba jarinsa tsakanin gero, wake da riɗi. Ko hakan ba ya hana faɗuwa. A Maris 2020, da annobar korona ta shigo, kasuwar Landan ta zube da kusan kashi ɗaya cikin uku cikin 'yan makonni. Wanda ya firgita ya sayar, asara ta tabbata a kansa. Wanda ya ci gaba da zubinsa na wata-wata ya yi sayen araha, kasuwar kuma ta dawo daga baya. Ka fi ni sanin wannan daga shekarun da farashin hatsi ya karye.

Gwamnati ma tana kwaɗaitar da mutane. Akwai asusun da ake kira ISA, inda za ka iya zuba har fam 20,000 a shekara ba a taɓa ribarsa da haraji. Ban taɓa kusantar wannan adadin ba, ɗan abin da na iya nake sawa.

Yanzu maganar da ta fi damuna. Ka ce wani ya nuna maka harka a waya mai ba da kashi 30 a wata. Yaya, don girman Allah kada ka sa ko kwabo. Alkawarin da MMM ta yi ke nan kafin ta rufe asusun mutane a Disamban 2016. Kasuwar gaske ma ta cinye waɗanda suka ci bashi suka sayi hannun jarin bankuna kafin faɗuwar 2008, balle wadda ba ka san abin da take sayarwa ba. A nan kafin in ba kowa kuɗina sai na duba sunansa a rajistar hukuma, a gida kuma aikin SEC ne, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari. Idan kana son takarda mai tsafta, ka tambayi bankinka game da sukuk na Gwamnatin Tarayya, wato takardar zuba jari da ke bin Shari'a, wanda aka fara a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi. Sai dai ka auna ribarsa da tashin kaya kafin ka shiga, don a shekarar da hauhawar farashi ta wuce kashi 30, buhun da ke sitonka zai iya fin takardar riƙe daraja.

Ni ma shawarar da na yanke ke nan. Fanshon zai zauna a nan cikin fam, don na ga yadda naira ta tashi daga kusan 460 a dala zuwa sama da 1,500 cikin ƙasa da shekara guda. Kuɗin adashen da zan ɗauka nan gaba kuwa ina so mu raba biyu, rabi hatsi a hannunka, rabi maraƙi biyu a turke a gidan Kawu. Mu rubuta komai a takarda, da kasonka da nawa, Baba ya zama shaida. Ka aiko min da farashin buhun gero da na riɗi na wannan satin, da abin da ake biya na sito. Ka gaida Inna da yara, a ce mata maganinta na tafe.