Jirgin iska a Ada Foah, wurin dattijon da marigayi ya haɗa ni da shi

Mutanenmu na Nima da Mamobi, duk mai son shiga ruwa ba tare da inji ya cika masa kunne ba, ya je Ada Foah ya nemi wani dattijo ɗan Ada mai ƙaramin jirgin ruwan nan da iska ke turawa, wajen ƙauyen Azizanya yake ɗaure shi. Wallahi kuɗinka ba zai tafi a banza ba. Hanyar ma ba wuya, wajen kilomita 100 ne daga Akra, titin Aflao za ka bi, in ka kai Kasseh ka yi dama, trotro ma na zuwa.

Abokina marigayi, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, shi ya fara kai ni. Tare muka yi aikin fitar da kaya a tashar jirgi ta Tema shekara da shekaru, teburi ɗaya kwanon waakye ɗaya, mutum ya wuni cikin manyan jirage amma zancensa kullum iska, yau daga ina take busowa, Asabar za ta yi kyau ko ba za ta yi ba, har sai da ya sa min ciwon nima.

Abin da ya sa nake yaba dattijon nan, ya san ruwan. Da inji yake fitar da ku daga gaɓa, da an ɗan shiga sai ya kashe ya ja zanen da ke tare iska sama, kuma ba zama kawai za ka yi ba, igiya zai miƙo maka ya ce kar ka naɗe ta a hannu, riƙe ta yadda za ka iya saki, in zai juya jirgi sai ya yi tsawa kowa ya sunkuya don sandar da ke riƙe da zanen ta wuce ta saman kai. Bakin da kogin Volta ke haɗuwa da teku kuwa ko nawa za ka ba shi ba ya matsawa can, tun da aka gama dam ɗin Akosombo a 1965 ƙarfin kogin ya ragu yashi ke taruwa a wurin, igiyar ruwa ba ta da tabbas. Wasu samarin masu inji suna kai mutane don a ɗauki hoto, ni ban ga birgewa a ciki ba.

Wannan karon da babban ɗan marigayi na je. Ashe dattijon bai ji rasuwar ba. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya nuna wa yaron gefen da babansa ke zama ya damƙa masa igiyar. Yaron ya juyo ya ce min, Baba haka yake riƙewa? Na kasa ba shi amsa, kai kawai na ɗaga. Da la'asar ta yi, dattijon da ba musulmi ba, da kansa ya tsaya da mu a wani tsibiri ƙarƙashin kwakwa muka yi sallah muka yi wa mamacin addu'a yana tsaye gefe ya cire hula. Kuɗin yaron ma sai da na matsa ya karɓa.

Amma a faɗi gaskiya, rigunan ruwansa sun tsufa, wadda aka ba ni maɗaurinta ya tsinke sai da muka ƙulla, na kuma gaya masa a fuska. Ba rumfa, rana za ta gasa ka, ka zo da hula da ruwan sha. A gama ciniki tun a gaɓa kuma a riƙe kuɗi a hannu don momo, wato tura kuɗi ta waya, na iya ƙin tafiya. Iska ta fi kyau bayan azahar, a kuma guji makon farko na Agusta, lokacin bikin Asafotufiami ne garin ba masaka tsinke. Mai zuwa da yara ƙanana ya sayo musu rigar ruwa daidai jikinsu tun daga Akra, dattijon ba shi da ƙanana, in babu kar a saka yaran a jirgin.