Zarton lantarki mai araha: ya isa mai aikin katako a gida?

Zarton da nake nufi shi ne na riƙewa a hannu mai zagayayyen faifai, ƙirar Chaina, irin wanda ya cika shagunan kayan aiki na Sabon Gari da Ƙofar Ruwa a Kano. Faɗin faifansa milimita 185 ne, wato inci 7 da kwata, injinsa kuma wat 1,400, yana juyawa wajen sau 5,000 a minti ɗaya. Kuɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai da na Makita ko Bosch masu girmansa. Ra'ayina bayan na yi aiki da shi a ɗan shagon da na keɓe a gida shi ne: ya isa wanda ke haɗa benci da kanta da teburin karatun yara, amma da sharaɗin zai ƙara kashe kuɗi a kan faifai da wuta, domin abin da ke cikin kwali shi kaɗai ba zai ba shi yanka mai tsafta ba.

Ƙarfin injin ba abin kushewa ba ne. Idan faifan yana miƙe ba a karkata shi ba, yana nutsewa kimanin milimita 65, saboda haka tu-bai-fo, wato katako mai inci 2 da 4, da ake saye a 'Yan Katako na Na'ibawa ko Rijiyar Lemo yana tsinkewa a wucewa ɗaya, sai dai fo-bai-fo, mai inci 4 da 4, dole a juya shi a yanko ta ɗaya gefen. A farin katako mai laushi yana tafiya ba gardama. A maɗaci da iroko sai an bi shi a hankali, ana sauraron kukan injin, da zarar ya fara nishi a sassauta turawa. Ƙirya kuwa ba abincinsa ba ce.

Inda ya fi ba ni takaici shi ne faifan da ya zo da shi. Haƙoransa 24 ne, kuma irin wannan faifai an yi shi ne don tsaga katako a tsaye, ba don filawud ko allon MDF (wanda ake yi da matsattsen garin katako) mai rufin ado ba. Da na gwada shi a kan allo sai ya ɓaɓɓalle bakin yankan, abin da duk mai haɗa durowar kaya ya san ba ya ɓoyuwa ko an bi da fenti. Maganin shi ne faifai mai haƙora 40 ko 60 masu bakin kabaid, wato wani ƙarfe mai tauri ƙwarai, a kuma tabbatar ramin tsakiyarsa ya yi daidai da sandar zarton kafin a biya. Akwai kuma dabarar da ba ta cin ko sisi: tun da haƙoran daga ƙasa suke shiga su fito ta sama, a kifa kyakkyawar fuskar allon tana kallon ƙasa, ɓarnar sai ta tsaya a bayan da ba a gani.

Farantin da zarton ke zama a kai shi ne wurin da kamfanin ya rage kuɗi. Ƙarfe ne mara kauri, yana ɗan lanƙwasa idan an danna, kuma lambobin kusurwa da aka zana a jikinsa ba abin dogaro ba ne. Ina cire zarton daga wuta in ɗora sukwaya, wato ma'aunin kusurwa, tsakanin faifan da farantin kafin kowane aikin da ke buƙatar daidaito. Ɗan ƙarfen jagora da ke cikin kwalin ma gajere ne, don haka a allo mai ƙafa 4 da 8 gara a ɗaure miƙaƙƙen katako a bi gefensa.

Batun wuta ne ya kamata mutumin Kano ya fara lissafawa. Wat 1,400 a kan bolt 230 kusan amfiya 6 ke nan, kuma a lokacin tashi injin yana jan ninkin haka. Ƙaramin janareta da ake kunna fanka da talabijin da shi bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauke shi ba. Ana bukatar mai kVA 2.5 ko sama. Idan kuma wutar layi ta zo ba ƙarfi, ko aka ja ta da siririyar waya mai tsawo, injin zai rage gudu ya yi zafi, kuma ta nan kwayil, wato naɗin wayar cikin injin, ke ƙonewa.

Zarton ba shi da birki. Bayan an saki maɓalli faifan yana ci gaba da juyawa na wasu daƙiƙoƙi, kuma wannan ya fi komai damuna a gidan da yara ke shiga da fita. Na ga kafintocin da ke ɗaure murfin faifan da waya wai yana rage musu sauri, wasu kuma su kife zarton a ƙarƙashin tebur su mai da shi injin tsaga. Ina roƙon mai aiki a gida kada ya kwaikwayi ko ɗaya. Ɗanyen katako yana matse faifai, zarton ya yi tutsu ya dawo kan mai shi, saboda haka a tsaya a gefen layin yanka, a riƙe da hannu biyu, a kuma cire riga mai faɗin hannu. Ƙarar zarton tana kaiwa desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti, alhali daga 85 ake son a toshe kunne, ƙurar MDF kuma tana bukatar takunkumi.

Wanda sana'arsa ce tsaga maɗaci daga safe zuwa yamma ya nemi mai tsada, domin boris da kabon (ƙananan gawayin da ke kai wuta cikin injin) na wannan ba za su jure ba. Wanda zai saya don gida kuwa ya sa mai shago ya kunna masa a gabansa, ya duba ko faifan yana rawa, ko murfin yana komawa da kansa, sannan ya tambaya ko ana samun kabon ɗinsa a kasuwa, ya haɗa da na ajiya tun a ranar.