Gidan inci ɗaya ko na santimita 3? Amsa ga mai shirin kai taswira Shomolu

Ɗan'uwa, ka ce ranar Asabar za ka shiga Shomolu, unguwar masu ɗab'i a Legas, a buga mana taswirar fagen fama ta wasanmu na labari a kan fleks, ledar nan ta allon talla, ƙafa 3 a tsawo, ƙafa 2 a faɗi. Kana tambaya wane girman gida, wato murabba'an da ake raba taswira da su, za ka ce a zana: inci ɗaya, rabin inci, ko santimita 3 da wani ya ba ka shawara. Kafin ka hau danfo, ɗauko rula ka auna gindin abubuwan da muke ɗorawa a kan taswirar, don su ne za su raba gardamar.

A Dungeons & Dragons, wasan da muke yi, kowane gida ƙafa 5 ne a cikin labari, komai girmansa a kan tebur. Jarumi mai tafiyar ƙafa 30 gida shida zai ci, ko gidan ya kai tafin hannu ko bai wuce farce ba. Abin da girman gida yake canzawa shi ne faɗin filin da ledarka za ta ɗauka, da kuma ko 'ya'yan wasa za su zauna ba tare da sun hau kan juna ba.

Inci ɗaya, wato santimita 2.54, shi ne wanda kowa ya saba da shi. Ƙananan mutum-mutumin da ake sayarwa don wasan, gindinsu kusan milimita 25 ne, sai su zauna cif a gida guda. Babban dodo irin doki ko ƙato yana cin gida biyu-biyu, wanda ya fi shi ya ci uku-uku, kuma a kan wannan awon ake ƙera gindinsu. A ledarka za ka sami gida 36 a tsawo, 24 a faɗi, filin ƙafa 180 da 120 ke nan. Dogon baka yana harbi har ƙafa 150 ba tare da an rage wa maharbi komai ba, gida 30, to ka ga ya shige har da saura. Taswirorin da ake samu a intanet ma yawanci da wannan awon aka zana su.

Sai dai mu nawa ne muke da mutum-mutumin? A zamanmu na Agege uku ne kacal, ɗaya ma takobinsa ya karye. Sauran duk marfin gorar ruwa ne da na kwalbar lemo. Marfin gora kuwa faɗinsa ya kusa santimita 3, ya fi gidan inci. Ka tuna daren da aka yi wa jarumin ƙaninka ƙawanya a bakin kogo, marfi takwas kewaye da shi? Kowane ya tura na kusa da shi, layi ya ɓace, aka shafe minti goma ana musun wa ke tsaye a ina. Nan ne santimita 3 yake da baki. Marfi yana zama daram, yatsa na shiga tsakani, wanda ke can ƙarshen tabarma ma yana iya ƙirga gida ba sai ya sunkuyo ba, musamman in an ɗauke wuta muna lallaɓawa da fitilar caji. Abin da za ka rasa shi ne fili: leda ɗaya, amma gida 30 da 20 maimakon 36 da 24. An tashi daga gida 864 an koma 600, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Maharbin nan mai ƙafa 150 yanzu sai ya tsaya a wannan gefe, abin harbinsa a wancan. Kuma ranar da Allah ya hore mana mutum-mutumi, gindin babban dodo ba zai cika gidajensa huɗu ba. Wannan bai dame ni ba sosai, tufa ta yi yawa ta fi ta matse.

Rabin inci ba zan daɗe a kansa ba. Gida 72 da 48, fili kamar daji, ya dace da faɗan ayari ko na cikin teku. Amma ko ɗan lido da kyar yake zama a ciki, atishawa ɗaya ta watsa runduna. In ana son irin wannan, a zana shi a takardar A3, tana ɗaukar gida 23 da 33.

Ni dai da kuɗina ne, santimita 3 zan ce, tunda marfi ne sojojinmu, kuma yawancin faɗanmu a ɗaki ne ko kogo ko lungu, inda gida 20 ma ya yi yawa. Wanda ya riga ya tara mutum-mutumi, ko yake buga taswirar da ya sauko da ita, ya tsaya a inci ɗaya kada ya wahalar da kansa.

Ka kuma taɓo zancen gida mai kusurwa shida, irin saƙar zuma. Amfaninsa shi ne babu rigimar tafiyar karkace, kowane maƙwabcin gida nisansa ɗaya. A murabba'i kuwa, D&D na 2014 yana ƙirga karkace ƙafa 5 kawai, Pathfinder kuma, wani wasan irinsa, ya ce na farko 5, na biyu 10, a yi ta juyawa haka. Matsalar saƙar zuma ita ce bangon ɗaki miƙaƙƙe ne, sai ya riƙa yanka gidaje rabi-rabi. Mu da kullum muna cikin gini, murabba'i ya fi mana sauƙi.

In ka je, ka faɗa wa mai na'ura ya buga a girman asali, ɗari bisa ɗari, kada ya matse hoton don ya dace da takarda. Ni an taɓa yi min haka da A4, na dawo gida na tarar gidajen inci sun koma santimita 2.3, ko mutum-mutumi ya ƙi zama. Ka sa ya fara buga ɗan yanki, ka ɗora marfin gora a kai a gabansa kafin ya saki sauran ledar. Layukan kuma a yi su toka-toka, kada su danne zanen maka.